Ƙin Gyara Ma Gwaninta Ce: Nazari Kan Maƙerin Adaka a Ƙasar Yauri

Tun da matsalar tsaro ta tsananta a kudancin Jihar Kebbi, musamman bayan sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin 2021, wasu masu sharhi suka ɗauko wata magana suna ta nanatawa: wai duk maƙerin da ya taɓa bindiga abokin ɓarayin daji ne, adaka kuma tarkace ce da ba ta cancanci gyara ba, a tattara a ƙone. Wannan hukuncin wanda bai taɓa zama a maƙera ba ne. Ɓarayin da suka addabi ƙananan hukumomin Ngaski da Shanga AK-47 ce a kafaɗarsu, wadda ake fasa-ƙwaurinta ta kan iyakoki. Adaka tana hannun manomin da dorina ke cinye wa shinkafa a bakin Kogin Kwara, da maharbi, da masu ɗura albarushi zalla su yi wa sarki buɗa ranar hawan salla.

Bindiga ba baƙuwa ba ce a Yauri. Baturen nan mai yawon bincike, Mungo Park, ya ratsa ta nan a 1806 kafin ajali ya cim masa a Busa, kuma da Richard Lander da ƙanensa John suka iso a 1830 suna neman takardunsa, sun tarar da wata bindiga mai baki biyu da aka ce tana cikin kyautar da Park ya yi wa Sarkin Yauri. Bindigogin ƙanƙara kuwa daga gaɓar teku fatake suka riƙa hauro da su, yawancinsu ƙirar Birmingham ta Ingila. A 1890 Turawa suka ƙulla yarjejeniyar Brussels, suka hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, suka bar musu masu ɗuri ta baki. Maƙeranmu sun fara ne da gyaran na Turawa, a hankali har suka iya ƙera nasu. Sana'ar gyara ta girmi sana'ar ƙira, kuma wannan shi ne abin da masu suka ba su lura da shi ba.

Ga maƙerin da ya gaji sana'ar, bindiga gida uku ce: ƙota, kunama da bututu. Ciwon biyun farko mai sauƙi ne. Ƙota itace ce. Gara ta ci ta, hunturu ya tsaga ta, a sassaƙa wata. Kunama takan saki idan ƙarfen da ke tsuke ta ya gaji, ko haƙorinta ya cinye har ta riƙa sauka da kanta. Wannan haɗari ne babba, amma magagari da wuta suna maganinsa. Wanda ya yar da bindigar gado saboda ƙota ko kunama ya yi asarar banza.

Bututu shi ne wurin da ake rabuwa tsakanin maƙeri da mai taɓa ƙarfe. Albarushi idan ya ƙone yakan bar dauɗa baƙa a ciki, dauɗar nan kuma tana jawo laima, ta zama tsatsa mai cin ƙarfe daga ciki zuwa waje. A ƙasar tudu wannan ciwo yakan ɗauki lokaci. A bakin tafkin Kainji, wanda ya malale ƙauyuka da gungu-gungu tun da aka gama madatsar a 1968, bindiga tana kwana cikin raɓa, tana kwance a ƙasan kwalekwale, ruwa na fallatsa mata. Sai ka ga bututu a waje yana sheƙi don an shafe shi da mai, a ciki kuwa ya zama ramuka, musamman can gindi inda wuta ke tashi, inda kuma fuskar mai harbi take.

Ban da tsatsa, akwai laifin hannu. Wani ya cika albarushi don yana son ƙara. Wani ya manta ya ɗura, ya sake ɗurawa a kai. Wani ya bar ɗurin bai kai gindi ba, iska ta rage a tsakani, bututu ya kumbura. Wani ya tuma daga jirgi bakin bindiga ya caki taɓo bai duba ba. Har zanzaro yakan shiga bututun da aka jingine a lungu tun damina, ya gina ɗakinsa na laka ya toshe shi. Mafi muni shi ne mai zuba garin harsashin zamani a cikin adaka. Ƙarfinsa ya wuce abin da ƙarfen zai ɗauka, kuma yatsu da idanu da yawa sun tafi ta wannan hanya.

To, dubi yadda gwani ke karɓar bindigar da aka kawo masa. Ba ya yarda da bakin mai ita cewa babu komai a ciki. Yakan juya bakinta ga bango, ya zura sandar ɗuri har ta tsaya, ya kama wurin da yatsa, ya zaro ta ya gwada da tsawon bututun ta waje. In sanda ta gaza, akwai ɗuri, ko da shekara nawa bindigar ta yi a rataye. Sai ya jiƙa shi da ruwa kafin ya taɓa komai, domin albarushin da ya ƙi tashi yana iya tashi daga baya, a lokacin da mutum ya leƙa. Bayan nan ya raba bututu da ƙota, ya wanke, ya ɗaga shi ga rana yana juyawa a hankali. Ya bi bayansa da tafin hannu daga baki zuwa gindi, don hannu yana jin kumburin da ido bai gani ba. Daga ƙarshe ya rataye shi ya ƙwanƙwasa da ɗan ƙarfe, ya kasa kunne. Lafiyayyen bututu yana amsawa da amo mai tsawo. Mai tsaga yakan amsa a daƙile, kamar fasasshiyar ƙwarya.

A nan ne gwaninta take, kuma a ganina babu abin da ya kai ta daraja a duk sana'ar: maƙerin ya ajiye masaba ya ce, "Malam, wannan ta gama aiki. Ka ɗauki ƙotarka da kunamarka, bututun nan ba zai fita daga maƙerata da rai ba." Ya san kuɗin gyara zai wuce shi. Ya san mai bindigar zai yi fushi, ya ce ta kakansa ce. Duk da haka ya ƙi, domin bututun da ya kumbura ko ya tsage ko tsatsa ta rarake shi ba ya komawa daidai. Walda tana rufe tsaga ne a ido, ta kuma sauya taurin ƙarfen da ke kewaye, ta bar rauni a daidai inda ake bukatar ƙarfi. Haka bututun famfo mai ɗinki a jikinsa: an yi shi ne don ruwa, kuma maƙerin kirki ba ya karɓarsa ko da sabo ne.

Masu cewa wannan duk camfi ne na gargajiya su dubi Ingila. Tun 1813 aka kafa gidan gwajin bindigogi a Birmingham, inda ake jarraba bututu da ɗurin da ya fi na kullum ƙarfi, a buga masa hatimi, kuma doka ta hana sayar da wanda bai ci jarrabawar ba. Tunanin ɗaya ne da na maƙerin Yelwa ko Wara a ƙasar Yauri: bututu ne ke riƙe da ran mai harbi, saboda haka ba a yi masa alfarma. Can an ba wannan ilimi gida da hatimi, a nan kuma an bar shi a kunne da tafin hannun tsofaffi.

Ba na musun cewa akwai ɓatagari. 'Yan sanda suna kama masu ƙera wa miyagu makamai, kuma duk wanda aka samu da wannan laifi ya fuskanci hukunci. Amma idan aka yi wa maƙera kuɗin goro, dattijon da ke da suna da gidan da zai kare shi ne ke fara janye hannu, ya koma ga fartanya da lauje. Manomin da dorina ta dama ba zai daina neman gyara ba. Zai kai wa mai walda a bayan kasuwa, wanda ba ya ƙwanƙwasawa, ba ya tambaya, ba ya kuma cewa a'a. Kamen da aka yi don kare rayuka sai ya kawar da mutum ɗaya tilo da ke hana mugun bututu komawa gona.

Dokar makamai ta 1959 ba ta rufe ƙofa ba. Ta ware bindigogi masu ɗuri ta baki a rukuninsu, ta kuma ba Sufeto Janar na 'yan sanda ikon bayar da izinin ƙera su da gyara su idan gwamnan jiha ya amince. Wannan ƙofa ya kamata a bi. Masarautar Yauri ta san maƙeranta gida-gida ta hannun sarakunan maƙera da hakimai. A tantance su, a ba amintattu izini, kowane ya riƙe littafin wanda ya kawo gyara da shaidar mai unguwarsa, duk bututun da aka yanke wa hukunci kuma a sare shi a gaban shaidu. Da haka hukuma za ta san adadin adakar da ke Yauri da Ngaski da Shanga da hannun da kowace take, manomi ya tsira da yatsunsa, yaran maƙera kuma su koyi lokacin da ake gyara da lokacin da ake ƙi tun masu wannan sani suna raye.