Rumfar Dungu: aikin da ya isa a rangaɗa masa guɗa

Duk mai cewa maginan ƙasa sun ƙare a ƙasar Damagaram, ya hau mota ya sauka Matamaye, ya nemi ɗan kabu-kabu ya ƙarasa da shi Dungu. Akwai wani tsohon gidan gado a can da aka rufe rumfarsa a ranin da ya wuce, aka mayar da ita ɗaki. Ɗaki ɗaya ne tak, ba bene ba, ba fada ba. Amma wallahi tun da nake bin gyaran tsofaffin gidaje da kallo, ban ga aikin da ya kwanta mini a rai kamar wannan ba. Tubarkalla, masha Allah!

Rumfar tana gaban soron maigidan farko, wanda aka gina tun kafin kwano ya shigo ƙauyuka. Ginshiƙan ƙasa ne ke riƙe da rufin azara, gaba kuma a buɗe. Nan ake shan iska, nan ake ɓarar gyaɗa, nan baƙi mata ke zube gaisuwa. Yanzu dattijuwar gidan ƙarfi ya ja baya. Da hunturu ƙura da sanyi su hana ta zama, da damina kuwa sauro, kuma wanda ya san Dungu da fadamarta ta rake da lambuna ya san sauron wurin ba ya wasa. Sai 'ya'yanta suka ce a rufe wa Inna rumfarta. Kowa ya san abin da aka saba yi a nan: a sauke bulo, a kwaɓa siminti, a kafa ƙofar ƙarfe mai shuɗin fenti, a gama cikin mako biyu, daga Maris zuwa Mayu kuma ɗakin ya koma tanda. Ga wata ɓarnar da ba a gani sai daga baya: siminti ba ya kama bangon ƙasa, yana tsare laima a ciki, sai ya kumbura ya ɓamɓare, ya ɗebo ƙasar bangon su faɗo tare. Su dai waɗannan bayin Allah ba su bi nan ba. Wani dattijon magini suka je suka durƙusa wa, wanda kowa a unguwar ke ce wa Baba, suka bar masa wuƙa da nama.

Abin da ya fara sace zuciyata shi ne inda ya tsayar da sabon bangon. Bai cike tsakanin ginshiƙan ya shafe su ba. Ya ja bangon baya kamar taƙi guda, ya bar ginshiƙan a gaba da ƙugunsu da ɗan karkacensu na tsufa. In ka tsaya a tsakar gida, idonka zai gaya maka cewa nan da rumfa ce, ga ƙafafunta nan, an dai sa mata riga. Masana gyaran tsofaffin gine-gine sun yi taro a birnin Venis na Italiya a 1964, suka fitar da ƙa'idar cewa abin da aka ƙara wa tsohon gini ya dace da shi, amma kada ya yi shigar burtu har a kasa gane sabo ne. Baba bai taɓa jin labarin taron ba, ga shi ya cika sharaɗin da hannunsa.

Da tubali ya yi ginin, irin na da, wanda ake curawa da hannu, gindi da faɗi, kai da tsini, ba na akwati ba. An cuɗa ƙasar da ciyawa, an tattake, an bar ta ta kwana ta tsumu, an sake tattakewa. Ana jera tubalin tsini sama, a cike tsakani da kwaɓi, kuma ba ya yarda a ɗora sahu da yawa a yini ɗaya, sai na ƙasa ya sha iska. Samarin gidan sun ƙosa, sun yi ta zagayen wurin suna duba waya, shi ko a jikinsa. Bangon ya fito da kauri a gindi, yana sirancewa yana hawa, daidai da na soron da ke bayansa. Wannan kaurin ne sirrin sanyin ɗakin ƙasa: zafin rana yana ɗaukar sa'o'i kafin ya ratsa shi, lokacin da zai iso ciki dare ya yi, an buɗe ƙofa. Na shiga da azahar a tsakiyar bazara, na zauna a kan tabarma, har na manta da mafici a hannuna.

Sai ƙofa. Kai, wannan ƙofa! Bai ɗora mata katako a miƙe ba, bakan gizo ya ɗaura mata, ƙarami, mai lanƙwasa a hankali. Guntayen azara ake kafawa a bangon hagu da dama, kowane sahu ya ɗan zarce na ƙasansa, a ɗaure da igiya, har su haɗu a sama, sannan a lulluɓe da yaɓe. Ita ce dabarar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya kai ƙololuwa a Masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, a ƙarni na 19. Ganin 'yar ƙanwarta a ƙofar ɗakin wata tsohuwa a Dungu ya sa tsikar jikina tashi. Azarar ma da labarinta. Daga namijin giginya ake tsaga ta, gara ba ta iya mata, amma ba ta son a tsallaka da ita fiye da kamar mita biyu, shi ya sa tsofaffin ɗakuna suke da ƙunci in ba a ɗaura baka ba. Yau giginya ta yi wuya, kuma ma'aikatan gandun daji ba sa barin a sare ta kara zube. Baba ya aika aka tsinto tsofaffin azarori daga wani ɗaki da ya zube a unguwar, baƙaƙe wuluk da hayaƙin shekaru, ƙarfinsu kuwa yana nan daram. Kyauren na katako ne, maƙerin garin ya buga masa ƙusoshi masu faɗin kai da sarƙar kullewa. In an tura shi yana ɗan kuka, kuma ni dai kada kowa ya sa masa mai.

Tagogin ƙanana ne, can sama kusa da rufi, suna fuskantar juna don iska ta ratsa. An sa musu ragar sauro daga ciki, inda ido ba ya kaiwa. Akwai alkuki biyu a bango, ɗaya na Alƙur'ani da carbi, ɗaya na fitila. Ƙasan ɗakin daɓe ne, matan unguwa suka taru da madaɓai suka yi shi, aka shafe da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, har ya yi jaja-jaja yana sheƙi. Da makubar aka yi yaɓen waje, ita ke sa ruwa ya zame bai ci bango ba. Indararon da ya ƙara dogo ne, yana jefa ruwan rufi can nesa da gindin bango, don galibin ɗakunan ƙasa ta gindi suke mutuwa.

Inda na ƙara sara masa shi ne wurin ado. Mai neman a ce ya iya, da ya cika fuskar ɗakin da zayyana kala-kala irin ta gidajen attajirai a unguwar Birni ta Zinder. Wannan adon yana da kyau a wurinsa, kusa da fadar Sarkin Damagaram, a birnin da Sarki Tanimu ya kewaye da ganuwa, wanda ya riƙe matsayin babban birnin Nijar har 1926 da aka koma Yamai. Amma gidan Dungu gidan manoma ne. Baba ya fita ya tsaya gaban zauren gidan, ya ƙare wa dagin da ke bisa ƙofar kallo, ya dawo ya zana irinsa guda ɗaya tal da yatsa a kan ɗanyen yaɓe. Zanko ma bai ƙara ba, ya ce na soron sun isa. Mutumin da ya iya ado ya kuma iya kame hannunsa, ai sai a ce masa gwani.

Aibu ɗaya na gani, shi ma ba na magini ba ne. Wanda ya zo haɗa sola ya bi fuskar bangon da farar waya, ya kafe ta da ƙusa har kusa da dagin. Haba malam! A cire ta, a bi da ita ta bayan ginshiƙi, aikin rabin yini ne.

Na san abin da za a ce: ginin ƙasa ba ya jure ruwan yanzu. Maganar tana da tushe. A Satumban 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birni a Zinder, unguwar da Nijar ta sa a jerin wuraren da take nema wa rajistar UNESCO tun 2006. A Agustan 2023 wani sashe na masallacin Zariya ya rufta da masallata, aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu. Ginin ƙasa yana son a duba rufinsa kafin kowace damina, a toshe tsaga, a share indararo, a sabunta yaɓe. Wanda ba zai iya wannan hidimar ba, gara ya san haka tun farko. Amma kada a ce sana'ar ba ta da daraja ko ba ta da gobe. Masallacin Yama a jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962, ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A Dandaji, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun gyara tsohon masallacin ƙasa na garin suka mayar da shi ɗakin karatu, aka gama a 2018, duniya ta yi ta yabo. Agadas ta shiga jerin kayan tarihin duniya a 2013 da gine-ginenta na ƙasa. Rumfar Dungu 'yar gidansu ce, ko da ba wanda zai ba ta lambar yabo.

Ni dai saura ƙiris na ba ta maki cikakke, wayar sola ce kawai ta ci rabin ɗigo. Ku masu tsofaffin gidaje a Kance, Matamaye, Daura da Zinder, in za ku rufe rumfa ko ku ƙara ɗaki, kafin ku yi cinikin bulo ku tambayi dattawan unguwa wa ya rage cikin maginan da. Ku biya shi haƙƙinsa da kyau, kada ku gaggauta shi, kuma ku tura yaro ɗaya daga gidan ya riƙa miƙa masa tubali har a gama.