Littattafan Samari Na Mugun Zamani Da Sha'anin Mulki

Kwanan baya wani dattijo ya tare ni a bakin Kasuwar Zal, nan Dira, yana kuka da jikansa, wai yaron ya duƙufa kan littattafan Turawa masu koya wa yara raina na gaba. Na karɓi littattafan na karanta, ga abin da na gani.

Irin labarun nan duka hanyarsu ɗaya ce. Marubuci yakan ƙaga wata ƙasa ta zamani mai zuwa wadda mulkinta ya lalace, sa'an nan ya ɗauko yaro ko yarinya ya sa su ja da masu iko. Wanda ya fi suna shi ne The Hunger Games, watau Wasannin Yunwa, na Suzanne Collins, mutuniyar Amurka, wanda ya fito a 2008. A ƙasar Panem akwai babban birni na masu daula da gundumomi 12 na talakawa. Kowace shekara kowace gunduma takan ba da yaro ɗaya da yarinya ɗaya, masu shekara 12 zuwa 18, a zuba su 24 a fili su kashe juna, jama'a na kallo a talabijin. Katniss, 'yar shekara 16, ta shiga a madadin ƙanwarta.

To, ina gwanintar littafin? Ni a ganina ba a wurin faɗa take ba, a wurin hatsi take. Yaron da gidansu ba abinci yana iya karɓar hatsi da mai, amma a bakin a ƙara sunansa cikin ƙuri'a. Ashe ɗan matalauci ya fi ɗan mai hali kusa da mutuwa, kuma da hannunsa ya sa kansa. Sa'an nan talaka ya koma jin haushin maƙwabcinsa mai ɗan abin hannu, ya manta da wanda ya shirya ƙuri'ar. Lalle nan marubuciyar ta san mulki.

Haka kuma Divergent na Veronica Roth, na 2011. An raba mutanen birnin Shikago ƙungiya biyar, wanda ya kai shekara 16 sai ya zaɓi tasa. Wanda ya rasa ƙungiya kuwa ya zama ba kowa ba, sai aikin wahala da kwanan kango. Wannan ba sai an yi wa mutumin zango fassara ba. Mun san bambancin mai igama da maras ita, mun san yadda zaman baƙo ke rataye a wuyan kafili. A 2021 hukumar Saudiyya ta sassauta wa ma'aikata da yawa wajen sauya aiki da fita ƙasa, amma sassaucin bai haɗa da masu aikin gida ba. Yaron da ya tashi yana ganin haka, don me ba zai ga kansa cikin littafin ba?

Amma fa akwai aibi, kuma ba ƙarami ba ne. Yawancin labarun nan suna nuna wa yaro cewa mulki mutum ɗaya ne mugu a cikin fada, in jarumi ya kā da shi magana ta ƙare. Ku taka zuwa ganuwar Masmak, ga ta nan kusa da mu. A watan Janairu 1902 Abdul'aziz ɗan Sa'ud, yana saurayi, ya zo daga Kuwait da 'yan mutane kaɗan, suka kashe Ajlan, wakilin Ibn Rashid, suka karɓe Riyad. Har yau tsinin mashi na nan kafe a jikin ƙofar. Wannan aikin dare ɗaya ne da safiya. Amma ba a kira ƙasar da sunan Masarautar Saudiyya ba sai 1932, bayan shekara 30 ana yaƙi da sulhu da shirya haraji da shari'a. Marubutan samari suna son daren farko, suna gudun shekara 30 ɗin, alhali kuwa a cikinsu ake gane ko talaka zai huta.

Don adalci, Collins ta kauce wa ramin nan. A littafi na uku, Mockingjay, na 2010, shugabar 'yan tawaye, Coin, ta nemi a sake wasan kisan da 'ya'yan waɗanda aka kā da. Katniss ta gane an gudu ba a tsira ba, sai ta harbe Coin maimakon tsohon shugaba Snow. Wannan darasi dattawanmu sun riga sun same shi da Hausa a Gandun Dabbobi, wanda Bala Abdullahi Funtuwa ya juyo a 1975 daga littafin George Orwell na 1945, inda aladu suka kori mai gona suka gaje halinsa.

Aibi na biyu, a littattafan nan babba ko azzalumi ne ko ragon da ya sallama. Ku gwada da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, na 1934. Shi ma labarin yaro ne da mugun zamani ya cinye, aka raba shi da uwarsa, bauta ta kai shi ƙetaren Sahara, uwar ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa hannun masu bayi. Wannan ba zamani mai zuwa ba ne, zamanin kakanninmu ne, kuma a ƙasar nan ma ba a soke bauta ba sai 1962. A can ciwon na uwa da ɗa ne tare, ba na yaro kaɗai ba.

Saboda haka shawarata ga dattijon nan, kada ya ƙwace littafin. Ya sa yaron ya ba shi labarin, sa'an nan ya tambaye shi abu biyu: wa ke riƙe da rumbun hatsi a ƙasar, kuma bayan an kā da sarki wa zai riƙe shi? Ku kuma samari, in kun gama na Turawa ku nemi Shaihu Umar da Gandun Dabbobi, mu tattauna su a taronmu na gaba.

Allah ya ba mu shugabanni masu adalci, amin. Haza wasalam.