Finafinan Laifi Masu Baƙi da Fari: Yadda Takunkumi Ya Haifi Gwaninta

A shekarar 1946 gidajen sinima na birnin Paris suka fara nuna finafinan Amurka da Yaƙin Duniya na Biyu ya tare wa hanya. Masu sharhi suka lura akwai abin da ya sauya: labaran sun yi ɗaci, hotunan sun yi duhu, jaruman kuma ba mutanen da za ka ba amana ba ne. Ɗaya daga cikinsu, Nino Frank, ya kira su film noir, sunan kuwa ya bi su har yau. Galibi ana lissafa zamaninsu daga The Maltese Falcon na John Huston a 1941 zuwa Touch of Evil na Orson Welles a 1958.

A ganina, ba za a fahimci daɗin waɗannan finafinai ba sai an san takunkumin da aka yi su a ƙarƙashinsa. Tun daga 1934 ofishin tace finafinai na Hollywood, a hannun Joseph Breen, ya tsaya kai da fata: ba a nuna kisa dalla-dalla, ba a nuna kwanciyar mace da namiji, kuma mai laifi dole ya girbi abin da ya shuka. Irin wannan doka na iya mayar da fim wa'azi marar gishiri. Sai gwanayen daraktoci suka yi dabara. Tunda kowa ya san mai laifi ba zai sha ba, me zai sa a ɓoye ƙarshen labari?

Dubi Double Indemnity na Billy Wilder, wanda ya fito a 1944. Fim na buɗewa, Walter Neff, dillalin inshora, ya shigo ofis cikin dare da harsashi a kafaɗa, ya zauna gaban na'urar ɗaukar murya ya amsa laifinsa. Shi ne ya kashe mijin Phyllis Dietrichson, suka shirya abin kamar faɗowa ce daga jirgin ƙasa, domin kuɗin inshora ya ninka daga dala 50,000 zuwa 100,000. An gama da tambayar wa ya yi kisan tun a mintunan farko. Abin da ya rage wa mai kallo ya fi wannan nauyi: ya zuba ido yana ganin mutum mai hankali da aikin yi yana taka ƙafa cikin rami, taki bayan taki. Lokacin kisan ma ba a nuna komai. Kyamara na tsayawa kan fuskar Barbara Stanwyck, wadda ta fito a matsayin Phyllis, a cikin mota, ana shaƙe mijinta a gefenta, ita kuwa ko gezau. Da an nuna hannu a wuya, da tsoron bai kai haka ba.

Abin da doka ta hana baki faɗa, haske ne ke faɗinsa. Mai ɗaukar hoto John Seitz yakan bar hasken rana ya ratso ta tsagin labulen taga, ya zana layuka a jikin Neff kamar sandunan kurkuku, tun mutumin bai aikata komai ba. Wannan salo da tushensa. Wilder da Fritz Lang da Robert Siodmak duk sun yi aiki a Berlin kafin mulkin Hitler ya kore su, sun kuma taho da al'adar sinimar Jamus ta wasa da inuwa. Ƙarancin kuɗi ma ya taimaka, domin duhu na rufa wa ɗakin da ba a ƙawata ba asiri. Mai ɗaukar hoto John Alton ya nuna haka a T-Men na 1947.

Akwai inda nake ja da yadda aka saba karanta finafinan. An fi ɗora laifi kan macen, a ce ita ce shaiɗaniyar da ta janye namiji daga hanya. Amma wa ke ba da labarin? Namijin ne, kuma yana neman sassauci ne. Neff da bakinsa ya nuna ya daɗe yana tunanin yadda za a damfari kamfanin da yake wa aiki, kuma shi ya kawo shawarar jirgin ƙasa. Phyllis muguwa ce, babu musu, sai dai ta tarar da ƙofa a buɗe. Fim ɗin ya fi mai ba da labarinsa gaskiya, kuma wannan ne ya ɗaga shi sama da tsararsa.

Ga mai son shiga wannan fage, shawarata ya fara da Double Indemnity, ya bi da Out of the Past na 1947. Ya nemi kwafi mai tsabta, ya kashe fitilar ɗaki, kuma ya kalla a talabijin maimakon fuskar waya, domin rabin labarin na cikin wuraren da ƙaramar fuska ke haɗiyewa.