3.4 Ɓoyayyen Tashin Hankali a Zanen "Duniyar Christina"

A wannan sashe za a dubi zanen da Andrew Wyeth, ɗan ƙasar Amurka, ya yi a shekarar 1948, wanda yake ajiye a gidan adana zane-zanen zamani na birnin New York. Manufa ita ce a nuna yadda mai zane kan ɓoye damuwa a cikin hoton da ido yake gani lami lafiya.

A kallon farko, abin da ake gani shi ne wata mace sanye da riga ruwan hoda, ta kishingiɗa cikin busasshiyar ciyawa, ta ba mai kallo baya, tana hangen wani gida can bisa tudu. Babu hadari a sama, babu kowa a kusa. Mutum zai ɗauka budurwa ce ta fito shan iska.

Sai dai Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, shi kuwa Wyeth ya ɓoye fuskar baki ɗaya. Wannan ya tilasta wa mai kallo neman labarin a sauran gaɓɓai. Idan aka lura, hannayen matar sirara ne ƙwarai, yatsunta sun kafe a ƙasa, nauyin jikinta duk yana kan hannuwa, ƙafafu kuwa suna yashe a baya. Wannan ba zaman hutawa ba ne, yunƙurin mai jan jiki ne.

Tarihin zanen ya tabbatar da haka. Matar ita ce Anna Christina Olson, mazauniyar garin Cushing a jihar Maine, wadda ciwo ya shanye wa ƙafafu, ta kuma ƙi hawa keken guragu. Wyeth ya hango ta ne ta taga tana jan jiki a gona, a lokacin tana da shekara 55.

Ta fuskar zubi da tsari, an sanya matar a ƙasa ta hagu, gidan a sama ta dama, ciyawa ta cike tsakaninsu. Tazarar da mai lafiya zai ci a 'yan mintoci, a wurinta doguwar tafiya ce. Saboda haka filin da ya ba zanen natsuwa, shi ne kuma tushen wahalar da ke cikinsa.

Ana iya sukar mai zanen da cewa matarsa Betsy, wadda take matashiya, ita ya kwaikwaya wajen zana gangar jikin, abin da ya rage gaskiyar hoton. Amma wannan dabara ce ta sa ido yake ruɗuwa da farko, kafin hannayen su tona asiri. Da an zana tsohuwa ƙarara, da tausayi ya zo tun a kallon farko, ɓoyon kuma ya rushe.