Kalmar "Banza Bakwai" a Kan Ma'auni

Duk wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci ya buɗe littafin tarihi, zai tarar da labarin Bayajida. A ciki an kasa ƙasashe kashi biyu: Hausa Bakwai, 'ya'yan aure, da Banza Bakwai, zuriyar Karbagari ɗan kuyanga. Cikin kashi na biyu aka sa Kabi da Zamfara da Yawuri, wato maƙwabtan ƙasar Zuru.

Labarin yana da daɗin ji, ya kuma adana mana sunayen ƙasashe. Aibinsa shi ne yana koya wa yaro raina maƙwabci tun bai san shi ba.

Tarihi kuwa bai gaskata wannan suna ba. Kanta, Sarkin Kabi, ya gina birnin Surame, ya tuɓe wuyansa daga mulkin Askiya na Songai wajen 1516. Har ana cewa sunan Dakarkari daga dakarun Kanta ya samo asali. To, ina banza a nan?

Raini ba ya tsayawa a baki. Wanda aka raina, ba a jin nauyin kai masa hari. Dakarkari da Dukkawa da Kambari sun ɗanɗana wannan a hannun mayaƙan Kwantagora, har Turawa suka ci garin a 1901.

Zuru ta zauna cikin Lardin Neja, ta koma Jihar Sakkwato a 1976, sannan Jihar Kebbi a 1991. Iyaka takan tashi, maƙwabci yana nan. Ya kai mai karatu, ka riƙe labarin Bayajida, amma kada ka auna mutane da shi.