Auna Kati Kafin a Buga Shi: Nazari a Kan Sharhin Sabbin Katuna a Wasan Hearthstone

Sau uku a shekara kamfanin Blizzard na ƙasar Amurka yakan fitar da sabon zubin katuna fiye da ɗari a wasansa na Hearthstone. Tun da sauran makonni kafin ranar fitowa ake fara bayyana katunan, yau biyu gobe uku, kuma da an nuna kati sai masu sharhi su yi caa a kansa. Gwanayen wasan da ke watsa wasansu kai tsaye a Twitch da YouTube sukan zauna sa'o'i suna bin katunan ɗaya bayan ɗaya, suna ba kowanne maki: wannan zai mamaye fage, wancan ba zai ga rana ba. Duk wannan hukunci ana yanke shi ne alhali ba wanda ya taɓa buga katin ko sau ɗaya. Al'adar ta kafu har ta zama fanni mai ƙa'idojinsa da gwanayensa, da kuma kurakuran da take maimaitawa. Bin diddigin waɗannan kurakurai yana koyar da abu guda mai muhimmanci: kati ba shi da daraja shi kaɗai. Darajarsa tana ga katunan da yake tafiya da su, da kuma waɗanda zai haɗu da su a hannun abokin karawa.

Yadda wasan yake

Wanda ya saba da karta ko Whot ya san kowa daga tari ɗaya yake ja, sa'a ce ke raba hannu. A irin wannan wasan kuwa, kowane ɗan wasa shi yake haɗa daminsa tun kafin a zauna. Richard Garfield ne ya buɗe wannan hanya da wasan Magic: The Gathering a 1993, da katunan takarda. Hearthstone ya fito a kwamfuta a watan Maris na 2014, ya shiga wayoyin hannu a 2015.

Dami yana ɗauke da kati 30. Ba a saka kati iri ɗaya fiye da biyu, katunan ƙololuwar daraja kuwa ɗaya tak ake sakawa. Kowane ɗan wasa yana da jarumi mai rai 30, wanda ya fara ƙarar da ran jarumin abokin karawarsa shi ya ci. Kowane kati yana da farashi, ana biya da lu'ulu'u. A zagaye na farko lu'ulu'u ɗaya ne a hannunka, a na biyu biyu, haka yake ƙaruwa har ya tsaya a goma. Katuna sun haɗa da mayaƙa masu zama a fage, kowanne da ƙarfin bugunsa da ransa, da katunan sihiri masu aiki sau ɗaya su wuce, da makamai.

Ma'aunin farko

Abin da mai sharhi yake fara yi shi ne ya rufe ido daga rubutun da ke jikin kati, ya dubi lambobi kawai. Akwai tsofaffin katuna da ba su da wata baiwa sai jiki, su ne sikeli. Chillwind Yeti farashinsa 4, bugu 4, rai 5. Boulderfist Ogre farashinsa 6, bugu 6, rai 7. Daga nan aka fitar da ƙa'ida: a ninka farashi, a ƙara ɗaya, abin da ya fito shi ne jimillar bugu da rai da ta dace da mayaƙi marar baiwa. Idan sabon kati ya gaza wannan jimilla, sai a tambaya ko baiwar da aka rubuta masa ta biya giɓin.

Ma'auni ne mai amfani, domin yana hana mutum ruɗuwa da dogon rubutu da kyan zane. Sai dai iyakarsa kusa take. Yana auna kati a tsaye, wasa kuwa a tafe yake.

Darasin Dr. Boom

A watan Disamba na 2014 aka fitar da zubin Goblins vs Gnomes, a ciki akwai manyan katuna biyu masu farashi 7. Na farko Troggzor the Earthinator, bugu 6 rai 6, wanda duk lokacin da abokin karawa ya buga katin sihiri sai ya kira wani mayaƙi ya tsaya kusa da shi. Na biyu Dr. Boom, bugu 7 rai 7, yana zuwa da 'yan bama-bamai biyu masu bugu 1 rai 1, kowanne idan ya mutu sai ya fashe ya yi wa wani abokin gaba ɓarnar 1 zuwa 4.

Masu sharhi da dama sun ɗaga Troggzor sama, suka yi wa Dr. Boom kallon kati na tsaka-tsaki. Hujjarsu ba ta banza ba ce: a lokacin akwai Big Game Hunter, kati mai farashi 3 da ke kashe duk mayaƙin da bugunsa ya kai 7 nan take. Wa zai biya 7 a kashe masa da 3?

Da aka shiga fage sai labari ya sha bamban. Troggzor ya ɓace, Dr. Boom ya shiga kusan kowane dami har sama da shekara guda. Dalilin a fili yake ga wanda ya duba da kyau. Baiwar Troggzor tana hannun abokin karawa: in ya ga dama ya ƙi buga sihiri, ya kashe shi da mayaƙansa, sai ya zama an biya 7 an sami jiki marar kai wa sikeli. Dr. Boom kuwa aikinsa ya gama tun lokacin da ya sauka. Ko an kashe shi a take, bama-baman nan biyu suna nan, kuma sai an sake kashe wani abu kafin a rabu da su. Masu sharhi sun auna Troggzor da ranar da komai ya tafi masa daidai, suka auna Dr. Boom da ranar da ya fi shan wuya. Adalci shi ne a auna kowanne da ranarsa mafi muni, domin ita ce take yawan zuwa idan abokin karawa ya san abin da yake yi.

Tsohon kati, sabon aboki

Kuskure na biyu ya fi wannan wuyar kaucewa. A zubin Blackrock Mountain na Afrilun 2015 an sami Grim Patron, farashi 5, bugu 3, rai 3. A kan sikeli, abin tausayi ne. Baiwarsa ita ce duk lokacin da aka ji masa rauni bai mutu ba, sai ya kira wani irinsa. Ba kowa ne ya hango abin da zai faru ba idan ya haɗu da katunan ajin Warrior, ɗaya daga cikin rukunan jarumai masu nasu katuna na musamman. Wannan aji yana da Whirlwind, sihiri mai farashi 1 da ke yi wa kowane mayaƙi a fage raunin 1. Yana kuma da Warsong Commander, tsohon kati da a lokacin yake ba duk mayaƙin da bugunsa bai wuce 3 ba damar kai hari a zagayen da ya sauka. Da aka haɗa su, Patron ɗaya kan zama fage cike da mayaƙa masu bugu a take, ga wani mayaƙi mai suna Frothing Berserker yana ƙara ƙarfi da kowane rauni da aka ji a fagen. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma waɗannan hannuwa da suka haɗu sun ɗauki wasan gaba ɗaya na watanni.

Abin lura shi ne, da Blizzard ta tashi gyara a Oktoban 2015, ba Grim Patron ta taɓa ba. Warsong Commander ta sauya wa baiwa, damin ya rushe. Ƙarfin bai kasance a cikin sabon katin ba, yana tsakaninsa da tsohon. Mai sharhin da ya dubi sabbin katuna kawai, bai koma ya tona tsofaffin da aka manta da su ba, rabin aiki ya yi.

Sharaɗi mai ban tsoro

Akwai katunan da ke ba da lada mai yawa amma da sharaɗi a kan yadda za a haɗa dami. Nan ma hasashe ya sha faɗuwa. Prince Keleseth ya fito a Agustan 2017, farashi 2, bugu 2, rai 2. Idan babu wani kati mai farashi 2 a daminka, sai ya ƙara wa kowane mayaƙi da ya rage a damin bugu ɗaya da rai ɗaya. Da yawa sun yi watsi da shi, suna cewa damin da ba shi da abin bugawa a zagaye na biyu ya mutu tun bai tashi ba.

Tambayar da ba a yi ba ita ce: wane ne wannan sharaɗi ba zai yi wa tsada ba? Ajin Rogue yana da baiwar jarumi mai farashi 2 da ke ba shi wuƙa, don haka zagayensa na biyu ba ya tafiya a banza ko babu kati. Yana kuma da Shadowstep, wanda ke mayar da mayaƙi hannu a sake buga shi, ladan ya ninku. Cikin 'yan watanni damin Rogue mai Keleseth ya zama ɗaya daga cikin mafi ƙarfi a wasan. Tsadar sharaɗi ba ɗaya take ga kowa ba, ana auna ta ne da abin da mutum zai rasa a zahiri.

Dami da yayi

Duk wannan yana komawa ga dami, domin dami ake bugawa. Kusan kowanne yana faɗawa cikin ɗayan manyan hanyoyi: na farmaki, mai cike da katuna masu araha, burinsa ya gama da kai kafin ka shirya, na danniya, mai share fage yana jan lokaci har abokin karawa ya ƙare da katuna, na haɗi, mai tara wasu 'yan katuna a hannu don ya ƙare wasa a zagaye ɗaya, sai na tsaka-tsaki, mai sauya rawa gwargwadon wanda ya tarar. Tun a 1999 Mike Flores, marubuci a kan wasan Magic, ya nuna cewa babban abin da ke kayar da ɗan wasa shi ne rashin gane wane ne mai kai hari da wane ne mai tsaro a karawar da ke gabansa. Wannan magana tana aiki a kan kati ma. Kafin a ce kati yana da kyau, sai an faɗi rawar da zai taka, da kuma katin da za a cire a ba shi wuri, tunda gurbi 30 ne kawai.

Lissafi ma yana da bakin magana. Wanda ya fara wasa yana buɗewa da kati 3, yana jan ɗaya kowane zagaye, don haka a zagaye na biyar ya ga kati 8. Idan bai sauya hannun farko ba, damar ya ga katin da ya saka guda biyu ba ta wuce kashi 47 cikin ɗari ba, na guda ɗaya kuwa kashi 27. Damin da ya rataya rayuwarsa a kan kati ɗaya dole ya tanadi hanyar jawo katuna da sauri, ko ya tanadi abin da zai yi ranar da katin ya kwana a ƙasan tari.

Sannan ga yayi, wato irin damin da jama'a suka fi bugawa a lokacin. Idan damin farmaki ya cika fage, kati mai farashi 8 kan mutu a hannu ba a buga shi ba, komai kyansa. Idan masu danniya suka yi yawa, shi ne sarki. Tun Afrilun 2016 kuma aka kawo tsarin da ke fitar da tsofaffin zubi daga babban fagen gasa duk shekara, wanda ya sa kati kan tashi ko ya faɗi ba tare da an sauya masa harafi ɗaya ba, don kawai abokinsa ko maƙiyinsa ya tafi.

Alƙaluma ba su kashe hankali ba

Yanzu akwai HSReplay da Vicious Syndicate, masu tattara sakamakon ɗimbin wasanni su nuna damin da ke yawan ci. Wasu na ganin wannan ya sa sharhi ya zama ɓata lokaci: a jira mako ɗaya, alƙaluma su yi magana. Ban yarda da haka ba. Alƙaluman kwanakin farko suna fifita damin farmaki, domin yana da sauƙin haɗawa kuma yana cin waɗanda ke gwaje-gwaje. Dami mai wuyar sarrafawa, irin na Patron, yakan nuna sakamako marar armashi a hannun jama'a alhali a hannun gwani ba ya da na biyu. Katin da ake bugawa sai an riga an yi rinjaye zai fito da babban adadin nasara ba don shi ya kawo ta ba. Mai karanta alƙaluma yana bukatar irin tunanin da sharhi ke koyarwa, in ba haka ba lamba za ta ruɗe shi kamar yadda kyan zane ke ruɗar mai sharhi.

Kuma bai dace a yi wa masu sharhi dariya ba. Su kansu masu ƙirƙirar wasan, da duk gwajin da suke yi, suna kuskure. Da aka fitar da ajin Demon Hunter a Afrilun 2020, kwana ɗaya kacal aka yi Blizzard ta rage wa wasu katunansa ƙarfi.

Inda abin ya shafi aljihu

Wannan nazari ba na nishaɗi ba ne kawai. Ana samun katuna ta buɗe fakiti mai kati biyar wanda ba ka san abin da ke ciki ba, ko ta ƙera wanda kake so da abin da ake kira ƙura. Katin ƙololuwar daraja yana cin ƙura 1600, amma in ka narkar da shi 400 kawai za a mayar maka. Wanda ya ƙera kati saboda zugar mai sharhi, katin ya ƙi aiki, ya yi asarar kashi uku cikin huɗu. Idan kamfani ya rage wa kati ƙarfi yakan mayar da cikakkiyar ƙurarsa na ɗan lokaci, amma sauran katunan da ka ƙera domin su raka shi ba a biyan ka su. Ga matashin da yake wasa ba tare da sa kuɗi ba, ko wanda kuɗinsa sai an canza su zuwa dala, wannan asarar makonni ce ta tarawa.

Saboda haka a saurari sharhi domin hujjar da ke cikinsa, a bar makin ga mai shi. Duk sabon kati da ya burge ka, ka tambaye shi abu huɗu: me yake yi a zagayen da ya sauka, me zai rage maka in an kashe shi a take, wane dami ne yake da gurbinsa, kuma wa zai tarar a fage. Ka rubuta hasashenka kafin zubi ya fito, ka dawo bayan wata guda ka gwada shi da abin da ya faru, domin ta haka ido yake gogewa. Ƙurarka kuwa ka riƙe ta har mako biyu ko uku su wuce, yayi ya zauna, sannan ka ƙera.