Kwamfuta Ce Ta Zana, To Ni Me Na Yi?

Daren wata Asabar na shafe kusan awa uku ina kutsawa cikin gefen wata baƙar siffa mai kama da ƙwaro a allon kwamfutata. Duk inda na zuƙo hoton sai wani murɗe ya ɓullo kamar wutsiyar hawainiya, a jikinsa ga wata ƙaramar wutsiya, a jikin waccan ma ga wata. Da na sami wurin da ya kwanta mini, na shafa masa shuɗin baba da ruwan ƙasa, na tura wa yayana. Layi ɗaya ya maido: "Ya yi kyau, amma ai kwamfuta ce ta zana, ko?"

Ban ji haushi ba, domin rabin maganarsa gaskiya ce. Irin wannan siffa mai maimaita kanta ana kiranta firaktal, sunan da Benoit Mandelbrot ya raɗa mata a 1975, lokacin yana aiki a IBM. Baƙin ƙwaron nan ma sunansa yake ɗauke da shi. Lissafin da ke haifar da shi bai cika layi ba. Kowane ɗigo a allo yana da lambarsa. Sai a fara da sifili, a ninka shi da kansa, a ƙara lambar ɗigon, abin da ya fito a sake ninka shi da kansa, a sake ƙarawa, haka sau ɗaruruwa ko dubbai. In amsar ta tsere ta yi ta girma, a ba ɗigon launi gwargwadon saurin tserewarta. In ta ƙi tserewa, a bar shi baƙi. Wannan wahalar kam kwamfuta ce ke sha, ba ni ba.

Amma kwamfuta ba ta san inda kyau yake ba. Siffar ba ta da ƙarshe, kuma mafi yawanta ko dai baƙi ne ƙirin ko kuma hargitsi kamar talabijin da ya rasa tasha. Mai wannan sha'awa ya fi kusa da mafarauci a kan mai zane: yana bin sawu, ya ɓata, ya koma baya, ya tsaya a inda wani zai wuce. Sannan ga zaɓen launi, inda mafi yawanmu muke faɗuwa. Ka leƙa DeviantArt ko Instagram ka ga yadda ake zuba launukan bakan gizo gaba ɗaya a hoto guda, ja da kore da ɗorawa suna ihu, har ido ya rasa inda zai sauka. Masu yin haka su ke ba yayana hujja. Sun karɓi abin da manhaja ta fara miƙo musu, sun watsa.

Abin da ya fi damuna shi ne wata al'ada da nake ganin tana ja da baya. Tun zamanin Fractint, manhajar kyauta da ta fito a 1988, masu wannan harka ba hoto kaɗai suke musaya ba, har da lambobin da suka haife shi: ina ne tsakiyar wurin, nawa aka zuƙo, sau nawa aka maimaita lissafin. Ka sa lambobin a taka kwamfutar, hoton nan zai fito maka daidai, ka kuma zarce daga inda mai shi ya tsaya. Da irin wannan buɗaɗɗen hannu Scott Draves ya saki dabararsa ta firaktal mai kama da harshen wuta a 1992, wadda manhajar Apophysis ta ginu a kai. Yanzu kuwa sai a ɗora hoto tsirara, a manna masa suna a kusurwa, a ɓoye lambobi kamar sirrin magani. Ga kuma hotunan ƙirƙirarriyar basira da suka cika ko'ina suna kwaikwayon firaktal. Ka zuƙo su kaɗan sai su dagule, domin babu lissafin siffar a ƙarƙashinsu, kamanni ne kawai. Lambobin nan su ne shaidar da ke raba na gaske da jabu, kuma su ne muke ɓoyewa.

Idonmu, mu 'yan Afirka, ma ba baƙo ba ne ga irin wannan siffa. Ron Eglash, a littafinsa African Fractals na 1999, ya nuna irin wannan maimaici a ginin garin Logone-Birni na Kamaru, ɗaki cikin shiyya, shiyya cikin gida, duk fasali ɗaya, ya kuma nuna shi a kitso. Mai kitso ba ta rufe hannunta in yarinya ta tsuguna a gefe tana kallo.

Don haka ban yi wa yayana gardama ba. Na tura masa sunan manhajar XaoS, wadda kyauta ce, tare da lambobin wurin da na tsaya, na ce, "Yaya, bisimilla, ka nemo naka." Sai da aka kwana biyu ya turo hoto, wajen ƙarfe ɗaya na dare, da ƙorafin cewa an ɗauke wuta sau biyu kafin ya gama. Ya wuce inda na tsaya da nisa, har ya tarar da wani ɗan ƙaramin ƙwaro kwance a tsakiyar murɗen. Launin kuwa bakan gizo ne sak.